Lockheed Martin: daga ina ya taso, kuma ta ina kuɗinsa ke shigowa?

Tambayar da aka turo: "Kullum ana kukan cewa jirgin yaƙin F-35 ya makara, kuɗinsa ya wuce ƙima, amma kamfanin da ke ƙera shi sai ƙara ƙiba yake yi. Daga ina Lockheed Martin ya samo asali, kuma yaya yake cin riba a aikin da ake ta ƙorafi a kansa?"

Malam, riƙe abu ɗaya tun daga farko, sauran zai zo da sauƙi: wannan kamfani ba ya kai kaya kasuwa ya zauna jiran mai saye. Mai sayensa kusan ɗaya ne, gwamnatin Amurka, kuma ita ce ke biyan kuɗin zana kayan tun kafin a yanka ƙarfen farko. A 2024 ya yi cinikin dala biliyan 71. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin daga baitulmalin Amurka ya fito, ragowar kuma galibi daga gwamnatocin da Amurka ta yarda a sayar musu. Ribar da ta rage masa bayan haraji dala biliyan 5.3 ce, wato ba ta kai kobo takwas a kowace naira ta ciniki ba in aka auna da kuɗinmu. Abin da kamfanin Apple ke samu a kowace naira ta ciniki ya ninka wannan kusan sau uku. Abin da Lockheed ya fi irinsu Apple da shi tabbas ne: a ƙarshen 2024 akwai odar dala biliyan 176 da aka riga aka sa wa hannu ba a kai ga ƙerawa ba, aikin kusan shekara biyu da rabi ke nan a ajiye.

Asalinsa gidaje biyu ne, kuma duka a 1912 aka kafa su a Kalifoniya. Na farko na wasu 'yan'uwa ne, Allan da Malcolm Loughead, waɗanda suka gaji da yadda mutane ke kuskuren karanta sunansu har suka mayar da rubutunsa Lockheed, kamar yadda ake furta shi. Na biyu na Glenn Martin ne, wanda ya ƙare da kafa masana'antarsa a kusa da Baltimore, a 1961 kuma ya haɗe da wani kamfanin siminti da fenti aka sami Martin Marietta, gwanin roket da makamai masu linzami. Gidan Lockheed ya karye lokacin durƙushewar tattalin arzikin Amurka, har Robert Gross da abokansa suka saye shi a gaban kotu kan dala dubu 40 a 1932. Yaƙi ne ya tashe shi. A 1938 Ingila ta yi odar jiragen Hudson 200, sannan a Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙera jiragen P-38 wajen dubu 10.

A 1943 injiniya Kelly Johnson ya ware wani ƙaramin sashe na sirri, Skunk Works, ya miƙa jirgin jet na gwaji cikin kwana 143. Daga nan U-2 mai leƙen asiri ya fito, wanda Tarayyar Sobiyet ta kakkaɓo ɗaya a ranar 1 ga Mayun 1960, sai SR-71 mai ninka gudun sauti sau uku. Shi SR-71 da ƙarfen taitaniyom aka yi shi, kuma da yawan ƙarfen daga Sobiyet ɗin aka sayo ta hannun kamfanonin bogi. In yana ajiye a ƙasa mai ne ke ɗiga daga jikinsa, domin an bar sarari tsakanin farantan jikin, sai zafin gudu ya buɗa su suke haɗewa. Waɗannan su suka ba kamfanin suna, amma 'yan ƙalilan aka ƙera.

Wanda ya riƙe gidan shi ne C-130, jirgin dakon kaya mai farfela huɗu da ƙofar baya da ke sauka kamar gada, mai ɗaukar kusan tan 20 ko soja 92, yana kuma iya sauka a filin turɓaya. Ya fara tashi a 1954, har yau ana ƙera shi a Marietta ta jihar Jojiya, an wuce guda 2,500. Shi ne jirgin Lockheed da mutanenmu suka fi sani. Sojan saman Najeriya na amfani da shi tun tsakiyar shekarun 1970, kuma irinsa ne ya faɗi a Ejigbo ta Legas a watan Satumban 1992 da hafsoshi fiye da 150, akasarinsu ɗaliban kwalejin Jaji. Nijar ma tana da shi, har Amurka ta ƙara mata a 2021. Duk ƙasar da ta sayi irin wannan jirgi ta ɗaura aure da kamfanin na shekara arba'in zuwa hamsin: kayan gyara, horar da matuƙa da makanikai, da babban sabis na bayan 'yan shekaru inda ake kwance jirgin a duba tsagewa a akwatin da ke riƙe fukafukai.

Shekarun da suka fi koya wa kamfanin hankali su ne 1965 zuwa 1977, kuma wanda bai fahimce su ba ba zai fahimci halinsa na yau ba. A 1965 ya ci kwangilar C-5 Galaxy, ƙaton jirgin dakon kaya, bisa sabon tsari na ma'aikatar tsaro: ka faɗi farashi ɗaya na zane da gwaji da ƙerawa gaba ɗaya, tun jirgin yana kan takarda. Lockheed ya karya farashi don ya kayar da Boeing. Da jirgin ya zo ya fi nauyin da aka yi alkawari, sai aka rage kaurin ƙarfen fukafukai, fukafukan kuma suka fara tsagewa tun ba a je ko'ina ba. A 1968 wani jami'in sojan sama mai bin diddigin kuɗi, Ernest Fitzgerald, ya shaida wa Majalisa cewa aikin ya zarce da kusan dala biliyan 2. Shi aka kora daga aiki, kamfanin kuma aka tilasta masa haɗiye asarar dala miliyan 200.

Ana cikin wannan sai ga TriStar, jirgin fasinja mai inji uku da kamfanin ya zuba kuɗin aljihunsa a kai. Inji iri ɗaya tak aka zana jirgin da shi, RB211 na Rolls-Royce, wanda shi ma ya yi alkawarin tsayayyen farashi. Ruwan fankar gaban injin da wani sabon haɗin zaren kabon aka yi shi don sauƙin nauyi. Da aka zo gwajin karo da tsuntsu, aka harba masa gawar kaza da gudu, sai ya tarwatse. Dole aka koma taitaniyom, nauyi ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru, Rolls-Royce ya karye a Fabrairun 1971. Lockheed ya wayi gari da jirage ba inji, ga bankuna a ƙofa. Gwamnatin Ingila ta ce za ta ceci injin in har Amurka ta tsaya wa Lockheed, Majalisar Dattawa kuma ta amince da lamunin bashin dala miliyan 250 da ƙuri'a 49 da 48. Da ƙuri'a ɗaya ya tsallake rijiya da baya. Jinkirin ya ba kishiyarsa, jirgin DC-10 na kamfanin McDonnell Douglas, damar cinye kasuwa. TriStar 250 kawai aka sayar, rabin abin da ake bukata kafin uwar kuɗi ta dawo, asara ta kai wajen dala biliyan 2.5. Tun da aka rufe layinsa a 1984 kamfanin bai sake ƙera jirgin fasinja ba.

Neman masu sayen ne ya jawo abin kunyar da ya biyo baya. A 1975 kamfanin ya amsa cewa ya raba toshiyar baki ta dala miliyan 22 ga jami'an ƙasashen waje, kwamitin Sanata Frank Church kuma ya baje kolin a 1976. An kama tsohon firaministan Japan Kakuei Tanaka kan karɓar yen miliyan 500 don kamfanin jiragen ANA ya sayi TriStar, aka yanke masa shekara huɗu a 1983, ya rasu yana kan ɗaukaka ƙara. Yarima Bernhard, mijin Sarauniyar Holan, ya rasa muƙamansa na soja kan dala miliyan 1.1. Dillalin nan na Saudiyya Adnan Khashoggi shi kaɗai ya kwashi la'adar fiye da dala miliyan 100. Daga wannan badaƙala da makamantanta ne Amurka ta yi dokar 1977 da ta haramta wa kamfanoninta ba jami'an waje cin hanci.

Haɗewar gidajen biyu kuwa gwamnati ce ta yi musu dalili. Bayan Yaƙin Cacar Baka kasafin sayen makamai ya zube, a 1993 mataimakin sakataren tsaro William Perry ya tara shugabannin kamfanoni cin abincin dare ya gaya musu ƙarara cewa ba za a iya ciyar da su duka ba. A shekarar Lockheed ya sayi masana'antar jirgin yaƙin F-16 ta garin Fort Worth daga General Dynamics kan dala biliyan 1.5, Martin Marietta ya sayi sashen sararin samaniya na General Electric, a Maris na 1995 kuma suka zama Lockheed Martin, da hedikwata a Bethesda, dab da Washington. Ya ƙara da sashen lantarki na Loral a 1996, da Sikorsky mai ƙera jirage masu saukar ungulu na Black Hawk a 2015 kan dala biliyan 9. Sau biyu hukuma ta taka masa birki: haɗewa da Northrop Grumman a 1998, da sayen Aerojet Rocketdyne mai injinan roket a 2022. Manyan 'yan kwangila 51 na farkon shekarun 1990 sun koma biyar. Yau kamfanin rassa huɗu ne: jiragen sama, makamai masu linzami, jirage masu saukar ungulu da na'urorin yaƙi, sai taurarin ɗan'adam da roket.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato irin kwangila. Duk wanda ya taɓa gini ya san hanyoyi biyu na hulɗa da magini. Ko ku yi jinga, ka ce ga miliyan kaza ka ba ni gida, in siminti ya tashi matsalarsa ce. Ko kuma kai ke biyan duk abin da aka kashe bisa rasit, ka ɗora masa ladansa. Ma'aikatar tsaron Amurka da duka biyun take aiki. In abu sabo ne da ba a taɓa yi ba, yawanci tsarin rasit ake bi: gwamnati ta biya kuɗin da aka kashe, ta ɗora lada, kuma doka ta hana tsayayyen ladan ya wuce kashi 15 cikin ɗari na ƙiyasin aikin bincike, ko kashi 10 a sauran ayyuka. Jinkiri a nan gwamnati yake ci. Kamfani na iya rasa wani ɓangare na ladan ƙwazo, amma uwar kuɗinsa na dawowa. In an kai matakin ƙerawa da yawa sai a koma jinga, sau da yawa mai rabon asara. A ce an tsayar jirgi zai ci miliyan 80, ladan kamfani miliyan 8, rabo rabi da rabi, silin, wato iyakar abin da gwamnati za ta biya, miliyan 96. In ya ci 86, kamfani ya ɗauki 3 daga cikin ƙarin, ladansa ya koma 5. In ya ci 76, ladansa ya hau 10. Abin da ya wuce silin kuma kansa ne shi kaɗai. Ƙari a kan haka, gwamnati na biyan manyan kamfanoni kashi 80 cikin ɗari na abin da suke kashewa tun aiki na tafiya, kuma ginin Fort Worth mai tsawon kusan mil guda inda ake harhaɗa F-35 mallakar sojan sama ne. Shi ya sa ribar da ta yi kama da ƙarama take da auki: jarin da kamfanin ya sa na kansa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da girman cinikin.

Inda ake ƙonewa shi ne a yi jinga a kan abin da ba a gama zanawa ba, darasin C-5 ke nan. Boeing ya maimaita kuskuren a jirgin ba da mai na KC-46, ya yi asarar fiye da dala biliyan 7. Shi kansa Lockheed bai warke sarai ba, don a 2024 ya rubuta asarar kusan dala biliyan 2 a wasu ayyukan sirri da ya karya wa farashi da fatan fanshewa nan gaba. Ƙa'idar akanta ta ce da zarar ka hango asara a kwangila, ka rubuta ta duka nan take, shi ya sa irin wannan labari ke faɗowa kwatsam.

F-35 ya haɗa duk waɗannan, kuma shi kaɗai ke kawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin kamfanin. Lockheed ya ci kwangilar a Oktoban 2001 bayan kayar da Boeing. Dabarar ita ce jirgi ɗaya mai kala uku: A na sojan sama, B mai sauka a tsaye na sojan kundumbala na ruwa, C mai manyan fukafukai na tashi daga kan jirgin ruwa. An yi fatan yawancin sassansu za su zama iri ɗaya, a ƙarshe abin da suka yi tarayya a kai bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kalar B ce ta fi wahalarwa. Tana da babbar fanka a bayan matuƙi wadda sanda daga injin ke juyawa, bututun hayaƙinta kuma na lanƙwasowa ƙasa, a 2004 aka gano ta yi ƙiba har sai da aka zaftare mata fiye da tan ɗaya. Kuskure mafi tsada shi ne fara ƙerawa da yawa alhali gwaji bai yi nisa ba, bisa dogaron cewa kwamfuta ta riga ta hango matsaloli. Ba ta hango ba. Duk tsagewar da gwaji ya tono, sai an koma an buɗe jiragen da aka riga aka miƙa an gyara. A 2010 kuɗin ya ƙetare iyakar da doka ta ce dole a soke aiki ko a sake ba shi hujja, aka sake ba shi hujja. Jirgin da ya fara tashi a 2006 bai sami izinin cikakken ƙerawa ba sai Maris na 2024, lokacin an ƙera wajen dubu.

Matsalar da ta biyo baya ta manhaja ce. Daga Yulin 2023 zuwa Yulin 2024 gwamnati ta ƙi karɓar sababbin jirage saboda sabuwar kwamfutar cikinsu da manhajarta ba su daidaita ba, jirage suka yi ta taruwa a fili ana riƙe wani ɓangare na kuɗinsu. A 2022 ma an tsayar da karɓa na ɗan lokaci don an gano wani maganaɗisu a cikin wata na'ura an yi shi da haɗin ƙarfe daga China. Kamfanoni fiye da dubu ne ke kawo sassa: Pratt & Whitney inji, Northrop Grumman tsakiyar jiki, BAE Systems na Ingila bayan jiki. Ɗaya ya yi tuntuɓe, layi ya tsaya.

To me ya hana a soke shi? Na ɗaya, babu madadi, don tsofaffin jiragen da zai gada sun tsufa. Na biyu, masu kawo sassan sun bazu a kusan kowace jihar Amurka, ɗan majalisar da ya nemi a yanke aikin mutanen mazaɓarsa yake kora daga aiki. Na uku, rage adadi ƙara tsada yake yi, tunda kuɗin zane a kan jiragen da aka saya ake raba shi. Jirgin yaƙin F-22, shi ma na Lockheed, shaida ne: an yi niyyar 750, aka yi ta ragewa farashi na hawa, aka tsaya a 187.

Babban kuɗin ma ba a sayarwa yake ba. Kalar A na kamawa dala miliyan 80 da ɗoriya, amma kowace awa ɗaya a sama na cin fiye da dala dubu 30. Ofishin binciken kuɗi na Majalisar Amurka ya ƙiyasta a 2024 cewa jiragen F-35 na Amurka kaɗai za su ci fiye da dala tiriliyan 2 a tsawon rayuwarsu, kusan tiriliyan 1.6 daga ciki na mai da gyara da ma'aikata ne. Tun farko gwamnati ba ta sayi haƙƙin cikakkun bayanan zanen ba, don haka ba ta da ikon kai gyaran wani gareji, kamar mai motar da kamfani kaɗai ke da na'urar karanta ƙwaƙwalwarta. A ganina wannan ya fi jinkirin illa ga mai saye. Ofishin ya kuma gano a 2023 cewa kusan kashi 55 cikin ɗari ne kawai na jiragen ke shirye su fita aiki a kowane lokaci, galibi don ƙarancin kayan gyara da cunkoso a manyan garejojin soja.

Ƙasar waje kuma kuɗi kaɗai ba ya saya mata. Yawanci sai ta rubuta wa gwamnatin Amurka, ma'aikatar harkokin waje ta amince, a sanar da Majalisa, a aiko takardar tayi, ƙasar ta zuba kuɗi a asusun Amurka, sannan ma'aikatar tsaro ta ba kamfani kwangila a madadinta, ta cire kusan kashi 3 cikin ɗari na hidima. Ta wannan ƙofa Najeriya ta sami Super Tucano 12 a 2021, ko da yake su ba na Lockheed ba ne. Amfanin tsarin ga kamfani a fili yake, ba ya bin kowa bashi. Haɗarinsa siyasa: Turkiyya tana cikin masu ƙera sassan F-35, ta biya kuɗin jirage, amma da ta sayi makamin kakkaɓo jirage na S-400 daga Rasha aka fitar da ita a Yulin 2019.

Tun daga yaƙin Yukren a 2022, reshen da ya fi saurin girma shi ne na makamai masu linzami: motar harba roket ta HIMARS da rokokinta, PAC-3 na kakkaɓo makamai, da Javelin mai fasa tanka wanda yake yi tare da Raytheon. Oda ta yi yawa, amma ninka Javelin daga kusan 2,100 a shekara zuwa kusan 4,000 aikin shekaru ne, saboda injinan roket kamfanoni biyu ne kawai ke yin mafi yawansu, na'urar bin sawun abin hari ta PAC-3 kuma daga Boeing take zuwa. A ɓangaren jirage, a Maris na 2025 sojan sama ya ba Boeing kwangilar jirgin yaƙi na gaba, F-47. Wannan ya bar Lockheed da F-35 da F-16 da C-130 a kan layi, kuma shirin da ya fara tallatawa a 2025 shi ne ɗauko fasahar da ya tanada don waccan gasar ya ɗora wa F-35, wanda Amurka ke da niyyar sayen 2,456 ta kuma yi amfani da su har cikin shekarun 2080.